Garanti Ya Rame

Aikina zama ne. Yi dariyarka, mutane da yawa sun yi, daga baya sun dawo sun sayi kujera.

Ƙanena kafinta ne. Shi ne autanmu, kuma har yau Auta nake ce masa, ko da yake furfura ta fara cin gemunsa. Shagon da Baba ya bari yake riƙe da shi, wata doguwar rumfa a bakin titi, gaba kujeru da gadaje a jere, baya zarto da guduma da garin katako har idon sawu. Shi ya gaji hannun Baba. Ni jikin Baba na gada, na kuma ƙara da nawa. Tun muna samari aka gwada ni a sana'ar, na bugi babban yatsana fiye da yadda na bugi ƙusa, har Baba ya gaji ya ce in tafi can in zauna. Na je na zauna a kan wata kujera da aka gama haɗawa ranar. Wani mai saye ya ga ko ƙara ba ta yi ba, ya ce ita yake so. A nan na samu aikin yi.

Ga yadda abin yake. Kwastoma zai zo ya shafa kujera, ya ƙwanƙwasa ta, ya yamutsa fuska ya ce, "Anya kuwa za ta yi ƙarko?" Auta ba ya musu da kowa. Waiwayowa kawai yake yi ya ce, "Yaya, bismilla."

Sai in taso. Kuma kar ka ɗauka ɗora mazaunai kawai nake yi, abin yana da ilimi. Akwai zaman baƙo, a ɗofane a bakin kujera. Akwai zaman surukin da ya zo ba da niyyar tafiya ba, wanda ake baje ƙafa a jingina har baya ya nutse. Akwai zaman mai kallon ƙwallo, a zabura a dawo, a zabura a dawo. Na ƙarshe, wanda ake taruwa kallo, shi ne faɗuwar ma'aikaci: in juya wa kujera baya, in ja dogon tsaki, in saki jikina gaba ɗaya. Kujerar da ta tsira daga wannan, ko jikokin mai ita sai sun gaji da ganinta. Shi ya sa kaf titinmu ba mai kirana da sunan yanka, Garanti ake ce mini.

Ban iya komai ba bayan wannan, kuma na san ban iya ba. Abu ɗaya nake tsoro a duniya, ranar da zan zo shago Auta ya duba ya rasa abin da zai ce in yi.

To, wata rana da hantsi na yi wa wani mutum faɗuwar ma'aikaci a kan kujera mai hannu. Kujera ta riƙe, mutum ya yaba. Na yunƙura in tashi, sai kujera ta taso tare da ni. Na koma, na sake yunƙurawa, sai na ji kamar an ɗora mini buhun siminti a ƙirji, rumfar ta fara juyawa. Abin da aka ba ni labari daga baya shi ne, da suka kasa zare ni, haka aka kinkime mu ni da kujerar aka ɗora a bayan motar katako aka yi asibiti. Wai mutumin ya bi mu har can yana tambaya ko in an cire ni zai iya tafiya da kayansa.

Likitan wani siririn mutum ne, irin wanda in ya juya gefe sai ka neme shi. Ya danna ni nan, ya saurara can, ya cire tabarau ya ce, "Malam, zuciyarka ta gaji da kai. Hawan jininka kuwa ba na ma so in faɗa."

Na ce a ba ni magani.

Ya ce, "Magani za a ba ka, amma ƙafa ce za ta yi aikin. Kullum da safe ka fita waje ka yi tafiya har ka yi gumi. Ka rage ci. In ka ƙi, kujerar da za a sake kawo ka a kai ba za ka san launinta ba."

Uwar yara tana tsaye a gefe tana matsar ƙwalla. Tun kafin mu isa gida ta tsaya a kasuwa ta sayo mini takalmin kambas da wando mai roba, ta kuma ɓoye babban kwanona a inda har yau ban gano ba.

Ranar farko na fito ƙofar gida da sassafe, na fara takawa. Ban kai kwanar layinmu ba wani maƙwabcinmu ya taka birki. "Garanti! Kai ne a ƙasa? Subhanalla, me ya yi zafi? Shigo." Na ce motsa jiki nake yi. Ya ce ai ba a yi haka da shi ba, idan mutane suka ga ya wuce ni me za su ce. Ya buɗe ƙofa, ya tura ni ciki, ya tambaye ni ina za ni. Na ce ba ko'ina. Ya ce to bari ya maida ni gida. Na sake fitowa, mai babur ya ɗauke ni. Na sake fitowa, mai kai burodi ya ce sai dai in hau ko a ɓata. Duk safiyar nan sai dawo da ni ake yi ƙofar gidana, kowa yana jiran in gode masa, kuma wallahi sai da na gode.

Uwar yara ta ce, "Laifinka ne, kana tafe kana murmushi kamar mai neman taimako. Gobe ka ɗaure fuska, ka ɗaga ƙafa, ka yi kamar kana da wurin zuwa."

Na ɗaure fuska, na ɗaga ƙafa, ina kaɗa hannu. Ba wanda ya tsayar da mota. Sai dai da na waiwaya na ga mutane a bayana, mai wanki, mai faci, har da tela da tef a wuya, suna ta sauri suna cewa, "Haba Garanti, yi haƙuri mana! Wa ya taɓa ka? Don Allah kar ka zauna masa!" Sun ɗauka faɗa zan je. Suka bi ni har ƙarshen unguwa suna ba ni baki, ni kuma haki ya hana ni bayani. Da na zube a gindin wata bishiya, suka ce madalla, zuciya ta sauka, suka taru suka sa ni a mota.

Daga nan na daina bin titi. Na koma fita ta bayan gidaje, ta gefen kwata, in ratsa filin da ake shanya bulo, in nufi tudun da aka kafa tankin ruwa a kai. A gindin tudun nan akwai wani gida mai katangar langa-langa, kuma a gidan akwai talotalo.

Ban san me na yi wa tsuntsun nan ba. Mata suna wucewa da bokiti, ko kallo ba su ishe shi ba. Yara suna jifansa, ko a jikinsa. Amma da ya hango ni sai ya baje jela, wuyansa ya yi jawur, ya yi wannan kukan nasa kamar mai kurkure baki, ya yo kaina. Ni da rabona da gudu tun ina makaranta, sai ga ni ina hawan tudu da ƙafafuna, teɓa tana gaba ina binta, ina kiran sunayen Allah. Ya sare ni a ƙwauri, ya sare ni a inda nake cin abinci da shi. Sai da na rungume ƙarfen tanki ya tsaya, ya dube ni sama da ƙasa, ya juya ya sauka abinsa.

Na je na kai ƙara wurin mai gidan, wata tsohuwa. Ta ce, "Ɗan nan, ai shi ma likitan dabbobi ya ce ƙiba ta yi masa yawa. Tun da ka fara zuwa ya samu sauƙi. Don Allah kar ka daina."

Ban daina ba. Da farko taurin kai ne, don ba zan yarda a ce tsuntsu ya canja mini hanya ba. Daga baya kuma, in faɗi gaskiya, sai na fara jin daɗi. In na kai saman tudu iska tana dukan rigata, gari yana ƙasa da hayaƙinsa, sai in ji numfashi yana shiga har wuraren da ya daɗe bai leƙa ba. Wata safiya na sunkuya na ɗaure igiyar kambas da kaina, na ɗago na ga uwar yara ta rufe baki da mayafi tana kuka. Wata safiyar kuma na duba ƙasa na ga yatsun ƙafata, na gaishe su.

A shago ne abin ya fara tsami. Da na dawo daga asibiti Auta ya rungume ni, hannunsa bai kai rabina ba, ya ce in bi maganar likita. Amma da damina ta wuce, wuyana ya fito, riguna suka fara yi mini lilo, sai na lura yana satar kallona kamar yadda yake kallon katakon da gara ta shiga. Kwastomomi ma suka fara magana. Wani ya ce, "Wannan ne Garantin? An ce mini ya fi haka." Wata mata da ta zo sayen kujerar falo ta kalle ni na gama faɗuwar ma'aikaci, ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai ko mijina ya fi shi. Matsa in gwada da kaina." A gabana ta hau kujerar, a gaban ƙanena. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar nan da yamma, da muka tashi rufe shago, Auta ya ce, "Yaya, ba ina cewa ka koma yadda kake ba. Allah ya kiyaye. Amma dai, ba za ka ɗan tsaya haka ba?"

Na ce, "In tsaya a ina? Talotalo ya san da wannan maganar?"

Bai yi dariya ba. Ya tafi yana sosa ƙeya, kuma na san in Auta ya fara sosa ƙeya wani abu zai ƙera.

Abin da ya ƙera jiki ne. Ya yanko soson kushin, ya ɗinke shi da yadin kujera, ya yi masa tumbi da kafaɗu da mazaunai, ya yi aljihuna ciki ya ɗura yashi don nauyi. Yana da madauri ta baya. In na saka na ɗora babbar riga a kai, wallahi ko uwar da ta haife ni sai ta ce ɗanta ya dawo. Aka buga wa jikin soson ƙusa a bayan ƙofa. Da sassafe in je in zubar da teɓa a kan tudu, da hantsi in zo shago in ciro ta daga ƙusa in ɗaura. Da yamma in rataye kaina in tafi gida.

Zafi ne da shi kamar tanda, yashin kuma yana goge mini cinya. Ban taɓa ƙorafi ba. In dai Auta zai waiwayo ya kira ni, ko tukunya ya ce in saka zan saka. Ciniki ya farfaɗo. Mutane suna cewa, "Ikon Allah, da safe mun gan ka a rame." In ce musu ai na karya kumallo.

Sai ga wata mata mai ɗakin taro, irin wanda ake haya don biki, tana son kujeru cike da mota, aikin da zai riƙe shago har shekara ta juyo. Ta ce ta ji labarin Garanti, kuma ba za ta yi magana ba sai ta gani da idonta. Auta ya share rumfa, ya ƙara mini yashi har da ƙyar nake ɗaga ƙafa. Maƙwabta suka taru.

Na yi zaman baƙo, ta gyaɗa kai. Na yi na suruki, ta ce, "Kamar ka san nawa." Na yi na ƙwallo, na ji wani abu ya ce ɓas a ƙuguna, amma na share. Auta ya ce, "Hajiya, yanzu ki buɗe ido." Na juya baya, na ja tsaki, na saki jiki.

Kujera ta riƙe. Ɗinki ne bai riƙe ba. Na ji wani sanyi yana bin ƙafata, na duba, sai ga yashi yana zuba ta ƙafar wandona, shuuu, yana taruwa a kan takalmina. Na matse cinya, ya ɓalle ta ɗaya ƙafar. Ina zaune ina murmushi, tumbina yana sauka a hankali a gaban jama'a, kafaɗa ɗaya ta zame ta koma hammata. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar yashi.

Matar ta daɗe tana kallo. Ta gyara jakarta ta ce, "Kafinta, Garantinka yana yoyo." Ta shiga mota.

Auta bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko tsintsiya ya share ni daga ƙasa.

Ba a yi mako ba na zo shago na tarar da wani ƙato a zaune a wurina, yana shan shayi a kofina. Tsohon direban babbar mota ne, a tasha Auta ya samo shi. Mutum ne har mutum, ko a zamanina da na yi masa kallon girmamawa. Auta yana kallon ƙasa ya ce, "Yaya, ka ɗan nuna masa hannu."

Na nuna masa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin yana da baiwa. Faɗuwar ma'aikaci da na yi shekaru ina gyarawa, shi daga gwajin farko ya yi ta har gilashin kabad ya amsa. Amma da ya zo tashi na ji ƙirjinsa yana wani fito da na sani. Na matsa kusa na ce masa, "Ɗan'uwa, akwai wani tudu a bayan unguwa, in kana so da safe..."

Auta ya jefar da guduma. "Yaya! Ka kashe mini ɗaya, kar ka kashe mini na biyu!"

Na ce, "To na ji. Ni kuma yanzu me zan yi?"

Ya duba gaba wurin kujeru. Ya duba baya wurin zarto. Ya duba sama, har rufin kwano ya duba. Ya sunkuya ya ɗauki gudumarsa. Na ɗauki kofina, na ga da sauran shayin mutumin a ciki, na ajiye masa. Na fita da ƙafa.

Na daɗe ban koma ba. Fushi nake yi, kuma kunya ta fi fushin yawa. Na ci gaba da tafiyata, na ƙara nisa, na wuce tudun zuwa gonakin bayansa, har na fara ɗan gudu ba tare da kowa ya kore ni ba. Likita ya auna ni ya miƙo mini hannu. Na aske gemu, uwar yara ta kai rigunana wurin tela aka fitar da na yara daga abin da aka rage. Kowa sai barka yake yi mini. Ni kuwa in na dawo gida na yi wanka, sai in zauna a tsakar gida ina kallon bango, ba mai tambayar ko wani abu zai yi ƙarko. Ina kewar warin gam da garin katako. Ina kewar ƙanena, kuma ba zan iya faɗa wa kowa ba. Duk hanyar da za ta bi da ni ta gaban shagon na daina binta.

Wata safiya aka tone hanyar bayan gidaje ana gyaran kwata, dole na biyo titi. Na ja hular rana na rufe goshi, na ce in wuce da sauri. Ƙafata ce ta ci amanata, ta rage gudu da kanta a gaban rumfar. Auta yana sunkuye yana goge ƙafar tebur. Ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushin da yake yi wa kowa, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Kujera ko gado?"

Na tsaya. Nono ɗaya muka sha da yaron nan, ni na goya shi na kai shi makaranta.

Na ce, "Kujera."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa. Ya ajiye abin gugar a hankali. Ya dube ni daga hula har takalmi. Direban yana can ciki yana gyangyaɗi. Na jira Auta ya ce wani abu, shi ma ina jin jira yake in ce wani abu, kuma duk cikinmu ba wanda ya gaji sauƙin kai a gidanmu.

Can ya ce, "Ta mutum nawa?"

"Ɗaya."

"Sai an auna."

Ba a auna mutum don kujera, ni da shi duk mun sani. Ya zaro tef daga aljihu, ya matso, ya zagaya ƙuguna da shi, hannuwansa suka haɗu a bayana. Ya tsaya a haka, kansa a kafaɗata, ya daɗe fiye da yadda awo yake buƙata. Da ya janye yana riƙe da ragowar tef ɗin a hannu, idonsa ya yi ja. Ya ce garin katako ne ya faɗa masa.

Ya share hanci da bayan hannu ya ce, "Ka dawo jibi ka karɓa."

Na dawo jibi, ya ce katako bai bushe ba. Na sake dawowa, ya ce gam ya ƙare, amma tunda na zo in riƙe masa bakin allon nan ya yanka. Na riƙe, ya ce na riƙe a karkace, muka yi cacar baki, ya aika aka kawo shayi. Yanzu kullum in na sauko daga tudu ta nan nake biyowa, da gumina da komai, in tsaya a bakin rumfa in ce, "Kafinta, ina kujerata?" Jiya ya rantse mini saura fenti kawai. Da ya shiga ciki ɗauko ƙusa na leƙa bayan ƙofa, ko katakon bai yanka ba.